Ƙwaƙwalwar Sega da Kunnen Kance

Kiɗan da ya fi yawo a garin Kance a yau, ba da fata ko tsirkiya aka yi shi ba. Wanda ke tashi daga rediyon mai shayi, da wanda ɗan kabu-kabu ke ji a salularsa yana jiran fasinja, da wanda ake sakawa a lasifika ranar biki idan ƴan mata sun kafa da'ira bayan la'asar, kusan dukansu a cikin na'ura aka ƙera su. Wannan ya daina ba kowa mamaki. Yaron da aka haifa bayan shekarar 2000 ya buɗi ido ne ya tarar da fiyano a matsayin uban kiɗa.

A daidai wannan lokaci, a Faransa da Japan da Amurka da Ostareliya, akwai makaɗa da maƙeran lantarki da suka koma suna farautar tsofaffin na'urorin wasan gem na shekarun 1980 da 1990, musamman Sega Mega Drive. Ba wasan ne ya dame su ba. Abin da suke nema wata ƴar ƙwaƙwalwa ce baƙa mai ƙafa 24 da ke cikin na'urar, irin abin da masu gyaran rediyo da salula a wajenmu ke ce wa aisi. Kamfanin Yamaha ne ya ƙera ta, ya sa mata lamba YM2612. Sai su ɗora ta a sabon akwati mai maɓallai, su mai da ta kayan kiɗa na sosai. Wanda ke zaune a Kance zai iya ɗaukar labarin a matsayin nishaɗin waɗanda suka ƙoshi. Ni a ganina ya shafe mu fiye da yadda ya shafe su, dalilin kuwa yana cikin tarihin yadda na'ura ta shigo kiɗan Hausa.

Ta hanyar Kano

Kance na kan titin da ya taso daga Takeita, ya bi ta Matamaye, ya faɗa iyakar Ɗan Barto, daga nan sai ƙasar Daura, sai Kano. Yamai na can nesa, tafiyar yini guda cur a mota. Kano kuwa, idan iyaka na buɗe, mai sammako na iya cin kasuwa ya dawo ya kwana a gida. Saboda haka raken yankin da wakensa da dabbobinsa kudu suke yi, abin sawa da na kallo da na saurare kuma daga kudu suke zuwa. Ta wannan hanya kaset ɗin finafinan Hausa suka shigo, mutanen Nijar suka laƙaba musu Dandalin Soyayya, daga baya faifan CD ya biyo, sannan katin memori, sannan WhatsApp.

Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a Kano a 1990, kuma daga shi ake fara ƙirga tarihin masana'antar. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya bi diddigin kayan kiɗan da aka yi wa finafinan farko amfani da su: an fara da wani ɗan ƙaramin Casio, sannan a tsakiyar shekarun 1990 sutudiyon Iyan-Tama ya shigo da Yamaha PSR-220, daga baya PSR-730 ya maye gurbinsa. Lokacin da waƙar fim ɗin Sangaya ta game gari a wajejen shekarar 2000, magana ta ƙare: daga Kano har Damagaram, daga Maraɗi har zangon Hausawa na Kumasi, kunne ya karɓi wannan sauti. Masu nanaye suka hau, masu bege suka hau, mawaƙan siyasa ma ba a bar su a baya ba.

Yana da kyau a fahimci abin da ke cikin irin wannan fiyano. Muryoyi ne da aka ɗauka daga kayan kiɗa na gaske, aka adana su a ƙwaƙwalwa. Injiniyoyin Yamaha a birnin Hamamatsu na Japan su suka zaɓi waɗanda za su shiga: sarewar Turai, garayar Indiya, gangunan Latin Amurka, goge na taron makaɗan Turawa. Mai fiyano a Kano sai ya laluba cikin jerin, ya nemo wadda ta fi kusa da sarewar Fulani ko da shantu ko da duma, ya yi aiki da ita. Rigar gwanjo ce: ga kyau, ga araha, amma ba a jikinka aka auna ta ba, iyakarka ka ɗauki wadda ta fi zama maka. Makaɗan Kano sun yi abin a yaba da wannan riga. Sun fitar da salon da duk wanda ya ji daƙiƙa biyar ya san na Hausa ne, kuma sun ciyar da dubban gidaje da shi. Amma shekaru kusan talatin ke nan muna zaɓe cikin abin da wasu suka jera.

A Yamai labarin ya ɗan riga na Kano. Mamman Sani Abdullahi, wanda ya yi aiki da hukumar UNESCO, ya sayi wani ogan na lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ya riƙa kaɗa waƙoƙin gargajiya na ƙabilun Nijar a kansa. A 1978 ya ɗauki kaset ɗinsa na farko, kuma shekara da shekaru rediyo da talabijin na ƙasa suna saka kiɗansa tsakanin shiri da shiri, har ya zama manya da yawa a Kance sun san amon ko da ba su san sunan mai shi ba. Kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley ya sake buga kaset ɗin a 2013, duniya ta ji shi. Bayansa sai ga Hama, matashin direba a Yamai, wanda kiɗan da ya yi da tsohon fiyanon Yamaha ya riƙa yawo daga salula zuwa salula ta bulutut kafin faifansa Torodi ya fito a 2015, Houmeissa kuma a 2019. Duka biyun sun nuna cewa kiɗan lantarki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Abin da bai samu gindin zama ba shi ne ƙera muryar da kanta.

Yadda fito ke zama ƙararrawa

A 1967, a Jami'ar Stanford ta Amurka, wani mai tsara kiɗa, John Chowning, wanda makaɗin ganga ne tun yana saurayi, yana gwaji da kwamfuta a kan girgizar murya. Mai kukuma ya san wannan girgiza: idan ya karkaɗa yatsa a kan tsirkiya, muryar na ɗan hawa tana ɗan sauka, sau biyar ko shida a daƙiƙa. Chowning ya ɗauki murya tsantsa, wadda ba ta da gauraye, mai kama da fito, ya sa wata irinta tana girgiza ta, ya yi ta ƙara saurin girgizar. Da saurin ya wuce kamar sau ashirin a daƙiƙa, sai kunne ya daina jin girgiza. Da ya kai ɗaruruwa, sai fiton ya rikiɗe ya zama wata murya daban mai kauri, wani lokaci kamar ƙaho, wani lokaci kamar ƙarfe.

Asirin ke nan gaba ɗaya, kuma shi ake kira FM. Dabara ɗaya ce da ta tashoshin rediyon FM, sai dai a rediyo igiyar da ake girgizawa ta fi ƙarfin kunne nesa, a nan kuwa duka biyun suna cikin abin da kunne ke ji. Abu biyu ke yanke irin muryar da za ta fito. Na farko, dangantakar saurin mai girgizawa da wadda ake girgizawa. Idan saurinsu ɗaya ne, za a ji wani abu mai kama da ƙahon tagulla. Idan mai girgizawa ta ninka ɗayar sau biyu, muryar na yin rami kamar ta bututu. Idan kuwa dangantakar ba ta cika lamba ba, a ce ɗaya da digo huɗu, sai a ji amon ƙararrawa ko na ƙarfen da aka buga. Na biyu shi ne ƙarfin girgizar: kaɗan, murya ta yi laushi, da yawa, ta yi kaifi, ya wuce kima, ta zama hayaniya. Idan aka sa ƙarfin ya fara da yawa ya ragu cikin ƙiftawar ido, an samu bugu, domin haka duk abin da aka doka yake yi: ya yi ƙara mai kaifi, sannan ya lafa.

Chowning ya wallafa bayanin a 1973. Kamfanonin Amurka masu ƙera ogan suka duba suka ƙyale, Yamaha ta karɓi lasisi. Bayan shekaru goma, a 1983, ta fitar da DX7, wanda ke da irin waɗannan ƴan masu fito, da ake kira ofareta, guda shida, da hanyoyi 32 na jera su. An sayar da fiye da 150,000, adadin da babu wata na'urar haɗa sauti da ta taɓa kusantarsa kafin nan, kuma muryarsa ta cika waƙoƙin Turai da Amurka na shekarun 1980. Wani abin lura shi ne, mafi yawan waɗanda suka saye shi ba su taɓa koyon haɗa murya a kansa ba, saboda wahalar ɗan ƙaramin allonsa. Muryoyin da ya zo da su daga masana'anta suka yi ta kaɗawa. Ashe lalurar zaɓe cikin abin da aka jera ba tamu ba ce mu kaɗai.

Abin da ke cikin Mega Drive

Da Yamaha ta ga kasuwa, sai ta riƙa ƙanƙanta dabarar tana zuba ta a ƴan ƙwaƙwalwa masu araha, tana sayar wa wasu kamfanoni. YM2151 ta shiga manyan akwatunan gem na gidajen wasa. YM3812 ta shiga katin sauti na kwamfuta, AdLib da Sound Blaster. YM2612 kuma ta shiga Mega Drive, wadda Sega ta fitar a Japan a watan Oktoba na 1988, ta isa Amurka da sunan Genesis a 1989, Turai kuma a 1990. An sayar da kimanin miliyan 30, ban da na kwaikwayo da suka cika kasuwanni daga baya, waɗanda da yawansu suka ƙare a gidajen gem na biranen Afirka ta Yamma, inda yara ke biyan ƴan kuɗi su fafata a Mortal Kombat.

YM2612 na da layi shida, wato murya shida kacal take iya fitarwa a lokaci guda. Kowane layi na da ofareta huɗu, da hanyoyi takwas na jera su: ko a ɗora su a kan juna, wannan na girgiza wancan har a kai na ƙarshe, ko a raba su biyu-biyu, ko a bar kowanne ya yi fitonsa. Ofareta na farko na iya girgiza kansa da kansa, abin da ke ba murya kaushi. Layi na shida ana iya sadaukar da shi ya riƙa fitar da gajeren sauti da aka ɗauka, galibi bugun ganga, cikin inganci mai rauni. Layi na uku yana da wata baiwa ta daban, ana iya ba kowane ofareta nasa saurin, kuma da shi gwanaye ke ƙera ganguna. A gefe akwai wata tsohuwar dabara ta kamfanin Texas Instruments mai ƙara ƴan muryoyi uku sirara da hayaniya guda.

Tana kuma da wani aibi na ƙira. Sashen da ke mai da lambobi su zama sauti bai daidaita ba a wajen da murya ke dab da ɓacewa, don haka ƙarshen kowace murya na zuwa da ɗan ƙura-ƙura. A nau'in da ya biyo baya, YM3438, an gyara yawancin matsalar. Yau masoya na bin tsohuwar saboda wannan ƙurar.

Da wannan ɗan abu aka yi kiɗan da har yanzu ake cika zaure don saurarensa. Masato Nakamura ya tsara na Sonic the Hedgehog a 1991. Yuzo Koshiro ya yi na Streets of Rage a 1991 da na biyunsa a 1992. Shi ba a kan maɓallan fiyano ya yi aikin ba, rubuta shi ya yi lamba-lamba a tsohuwar kwamfutar NEC PC-8801, da harshen umarni da ya gyara wa kansa, yana kwaikwayon abin da yake ji a gidajen rawa na Tokyo. Duk wanda ya saurari kiɗan Streets of Rage 2 da lasifika mai kyau zai yi wuya ya yarda cewa murya shida ce da ƴan kai. Koshiro ya san kowace lamba a cikin ƙwaƙwalwar, ya san inda za ta ba shi da inda za ta hana shi, shi ya sa ƙuncin wurin bai ƙuntata shi ba.

Masu tono ta a yau

Sebastian Tomczak na Ostareliya, wanda aka fi sani da Little-scale, ya ƙera GenMDM, wata ƴar mahaɗa da ke ba mutum damar jona fiyano da Mega Drive ya kaɗa ta kai tsaye. Kamfanin Twisted Electrons na Faransa ya fitar da MEGAfm, akwati mai ɗauke da irin wannan ƙwaƙwalwa guda biyu, murya 12 ke nan, da majaya 32 a samansa, ta yadda duk abin da Koshiro ke rubutawa da lamba yanzu da yatsa ake jansa ana ji nan take. A 2024 kamfanin Sonicware na Japan ya fito da Liven Mega Synthesis, wanda ba shi da ainihin ƙwaƙwalwar amma yana kwaikwayonta, yana aiki da batir, kuma Koshiro da kansa ya sa hannu a wasu muryoyinsa. Ga kuma dangi na kusa da ba daga gem suka fito ba, irin su Volca FM na Korg da Digitone na Elektron.

Yawancin masu sayen waɗannan kaya mutane ne da suka yi yarinta da Sega a ɗakinsu, suna neman amon da zai mai da su can. Halal ne, amma wannan begen ba namu ba ne. Gidajen da suka mallaki Mega Drive a Kance a 1992, idan akwai, yatsun hannu sun ishe su. Duk da haka kunnenmu ya sha FM ba tare da an gaya mana sunansa ba. Ƙananan fiyanon Yamaha na ƙarshen shekarun 1980, waɗanda suka riƙa zuwa cikin kayan gwanjon Turai, da shi suke aiki: PSS-170 da PSS-270 na ɗauke da YM2413, wadda ita ce a cikin Sega Master System ta Japan, PSS-470 da PSS-570 kuma na ɗauke da YM3812, har da ƴan majaya na sauya murya a fuskarsu. Sannan salulolin farkon shekarun 2000, musamman na Samsung da LG, da yawansu da ƙwaƙwalwar Yamaha ta jerin MA suke kaɗa kiɗan kira. Wannan amon mai ƙyalli kamar gilashi da ke tashi daga aljihun ɗan kasuwa a lokacin, jikan binciken Chowning ne.

Inda ta dace da kayanmu

A nan ne maganar ta fi ɗaukar hankalina. Idan aka dubi abin da FM ta fi iyawa, sai a ga jerin ya yi kama da kayan kiɗan ƙofar fada. Ta iya ƙarfe, mu kuwa muna da kuge da sambani. Ta iya ƙahon tagulla mai tsaga iska, muna da kakaki. Ta iya murya mai hanci da kaushi, wadda ba ta yankewa, muna da algaita, wadda mai busa ta ke jan numfashi ta hanci yana tura iskar kumatu don kada amon ya tsaya. Waɗannan su ne muryoyin da ake ji a ƙofar Sarkin Damagaram da ƙofar Sarkin Kance ranar hawan salla, kuma su ne injiniyoyin Hamamatsu ba su zuba a fiyanon da ya raini nanaye ba.

Sai batun ma'aunin murya. Fiyano ya raba tazarar da ke tsakanin murya da takwararta ta sama gida 12 daidai wa daida, bisa al'adar Turai. Gurmi da garaya da goge ba su san wannan rabo ba. Mai su da kunnensa yake ɗaure tsirkiya, yana bin muryarsa da abin da ya gada. Shekarun da aka yi ana rera waƙar Hausa a kan fiyano sun ja muryoyin mawaƙa zuwa ga matakan nan 12, har ya zama matashi na iya jin tsohon kaset na Haruna Uji ko Garba Supa ya ɗauka kayan ne ba su saitu ba. YM2612 ba ta san wani mataki ba. Lamba ake ba ta, kuma a cikin tazarar da fiyano ke da 12, ita tana da ɗaruruwa. Duk inda gurmin wani dattijo ya tsaya, ana iya tsayar da ita a wurin.

Kalangu ya fi kowanne nuna bambancin. Makaɗi na matse shi a hammata, tsirkiyoyi su ja fata, murya ta hau. Ya sassauta, ta sauka. Da haka yake bin hawa da sauka da faɗuwar harshen Hausa har ya kira sunan mutum ya yi masa take. Amma ba tsayin muryar kaɗai ke sauyawa ba. Fatar da aka matse amonta na yin kaifi ya gajarce, wadda aka saki na yin kauri ya daɗe. Manyan fiyano na yanzu suna da ƴar taya ta lanƙwasa murya, wasu ma, musamman waɗanda aka yi don kasuwar Larabawa, suna da wurin gyara ma'auni. Sai dai abin da suke lanƙwasawa hoton bugu guda ne da aka ɗauka, ana miƙa shi ana tanƙwara shi. A FM kuwa, da yake a take ake ƙera muryar, hannu ɗaya na iya ɗaga tsayinta, ya ƙara mata kaifi, ya rage mata tsawon rai, duka a tare, yadda hammatar makaɗi ke yi.

Ba ina cewa za ta zama kalangu ba ne. Ba za ta zama ba, kuma goge ma ya fi ƙarfinta, domin gogayyar gashin doki da gashin doki na da rikicin da ofareta huɗu ba sa kamawa. Abin da nake cewa shi ne, tsakanin ainihin kalangu da gangar Latin Amurka da ke cikin fiyano akwai fili mai faɗi da ba a nome ba, wurin da za a iya ƙera muryoyin da ba na kowa ba ne sai namu, na lantarki ne ba tare da ɓoyewa ba, amma tafiyarsu ta Hausa ce.

Kuɗi, wuta da masu sani

Akwatunan Turai da Japan ɗaruruwan Yuro ake sayar da su, Yuro 100 kaɗai kuwa ya haura jika 65 na sefa, kafin a zo maganar dako da kwastan. Matashin da ke haɗa kiɗa a shago ɗaya da cajin salula ba zai fara ta nan ba, kuma ba dole ba ne. Manhajar Furnace kyauta ce, tana kwaikwayon YM2612 da sauran danginta a ƙaramar kwamfuta. Dexed ma kyauta ce, tana yin aikin DX7, tana kuma shiga cikin FL Studio da yawancin sutudiyoyinmu ke amfani da shi. Shi kansa FL Studio yana da Sytrus, wadda FM ce. Wanda ya iya riƙe ƙarfen lika da dalma kuma, ƙwaƙwalwar da wuta bolt biyar take aiki, kuma masu sha'awa da dama a duniya sun tuƙa ta da ɗan allon Arduino. Sai dai a yi hattara: an daɗe da daina ƙera ta, waɗanda ke kasuwar intanet daga tsofaffin na'urori aka ciro su, kuma akwai na jabu da aka goge aka sake wa lamba.

Ƙarancin cin wutarta ba ƙaramin abu ba ne a yankin da lantarkinsa ke zuwa daga Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa. Kowa na tuna yadda aka yanke shi a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shafe watanni kafin a mai do. Kayan kiɗan da faifan sola ƙarami ko batir shida ke riƙewa ya fi dacewa da mu a kan wanda sai an tayar da janareta.

Babbar matsalar dai ba ta kuɗi ba ce. Fiyano da lasifika sun riga sun karɓe wa makaɗan gargajiya bukukuwa da yawa. Mai biki na ganin ya fi sauƙi ya kira yaro guda da katin memori a kan ya ɗauki nauyin makaɗi da ƴan amshinsa, ƴaƴan gidan kiɗa kuma suna ta komawa wasu sana'o'i. Duk wanda zai ƙera muryar kalangu a na'ura ba tare da ya zauna gaban mai kalangu ba, zai ƙara wa wannan ciwo ne kawai, kuma abin da zai fitar ba zai yi magana ba, domin maganar ba a fata take ba, a kan makaɗin take: wane take ne na mahauta, wanne ne na manoma, ina ake matsewa idan za a kira sunan wane. Marigayi Malam Mamman Barka, ɗan garin Tasker da ke jihar Damagaram, ya nuna hanyar. Gwanin gurmi ne da sunansa ya kai ko'ina, amma a 2002 ya tafi gaɓar Tafkin Cadi ya durƙusa gaban Bukar Tar, dattijon Buduma, ya koyi kiɗan biram da ke dab da ɓacewa. 

Aikin da ke gaban matashin Kance mai wannan sha'awa a fili yake. Ya je wurin masu algaita da kakaki da kalangu na garinsu da ladabi da goronsa, ya biya su haƙƙin lokacinsu, ya ɗauki amon kayansu da salula, ya auna inda kowace murya ta tsaya, sannan ya zauna da ofareta huɗu yana ja yana saurare, yana komawa wurin Baba makaɗi yana tambaya ko ya yi kusa. Idan ya dace, abin da zai samu lambobi ne da ba su kai 50 ba, waɗanda za su shiga saƙon tes guda ko bayan takardar awo, a rubuta sunan makaɗin da na garin a kansu. Duk wanda ya zuba su a YM2612, a Matamaye yake ko a Kano ko a Osaka, muryar da aka ƙera a Kance ce za ta fito masa.